Kwalbar da na binne a gindin zogale

Farkon damina ne, a shekarar da ruwa ya yi mana jinkiri har aka fita roƙo sau biyu. Da ya sauka kuma sai ya sauka da albarka. Gero ya tashi kore shar, hanyar Garbadu ta cika da masu kai abinci gona, duk wanda ka gaisa da shi sai ya ce ruwa ya yi gyara. Mutane sun saki jiki a shekarar nan. Mu ma da haka ta fara mana.

Ni ba mai dogon karatu ba ce. Sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Talata Mafara. Malamarmu ce ta ce in rubuta wannan bayan ta ji labarin daga bakina, ta ce akwai gidaje da yawa da za a miƙa musu kwalba irin wadda aka miƙa mana. In an ga kuskure a yi mini afuwa.

Wanda ya yi ciwon ɗana ne na fari, saboda haka ba zan kama sunansa ba. Ɗan Maradun nake ce masa, domin tun da aka yaye shi yayar mahaifinsa, Yaya Asabe, ta ɗauke shi zuwa Maradun, a ɗakinta ya girma. Sai bayan rasuwar mahaifinsa ya dawo gida ya riƙe gonar shinkafarmu ta wajen ban-ruwa. Shekararsa talatin da huɗu, yana da mata, Saratu, da 'ya'ya uku. A wurinmu uwa ba ta sa baki a maganar ɗan fari. In ana zancensa Yaya Asabe ke da ta cewa, ni nawa sunkuyar da kai. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya biyo baya.

Saratu ce ta fara zuwa mini da maganar. Ta shigo ɗakina da hantsi kamar aron rariya ta zo yi, ta daɗe tana juya rariyar a hannu, sannan ta ce ya fi wata yana ganin jini in ya zaga, kuma ya hana ta faɗa. Ni ma na riga na lura da wasu abubuwa ban yi magana ba. Tuwon da yake cinyewa ya fara dawowa da saura. In ya dawo gona sai ya zauna a zaure yana maida numfashi kafin ya shigo. Tafin hannunsa ya yi fari.

Na taɓa ganin wannan. Haka Malam, mahaifinsu, ya fara. Kowa ya ce basir ne, babu jiƙon da bai sha ba. Da muka kai shi asibiti aka ce abin ya riga ya yi nisa, mu koma gida mu yi ta addu'a. Har muka binne shi babu wanda ya gaya mana sunan abin da ya ci shi.

Sati uku na farko shawara muka yi ta sha. Maƙwabciyarmu ta ce a hana shi yaji da busasshen kifi. Wani abokin nomansa ya kawo masa garin magani daga wurin mai lasifikar nan na kasuwar Talata. Yaya Asabe ta aiko da sassaƙe ƙunshi guda daga Maradun, a jiƙa a sha safe da yamma. Duk an yi. Jinin ya kan ɗauke kwana biyu, mu ce an dace, sai ya dawo.

Ni ba zan iya tsayawa gabansa in ce ya tafi asibiti ba. Sai na kira ƙanwarsa Hadiza da ke aure a Bakura, na gaya mata. Ita ba ta da wannan nauyin. Ta buga masa waya, ina jin muryarta ta wayarsa daga inda nake zaune tana cewa, “Yaya, kai da ke shiga ruwan shinkafa da macizai, ashe allura kake gudu? Bari in zo in goya ka.” Ya yi dariya ya ce mata marar kunya. Bayan kwana biyu ya shirya ya tafi, Saratu na biye da shi.

Tun da safe suka yanki kati, ba su ga likita ba sai bayan azahar. Aka ɗebi jini aka ce ya yi ƙasa. Likitan ya duba shi ya ce bai ga basir ɗin da zai zubar da jini haka ba. Da ya tambayi abin da ya kashe mahaifinsa, Saratu ta ba shi labari, sai ya rubuta takarda ya ce a je Gusau a duba cikin hanjin da na'ura mai kyamara. Ragon da muke kiwo don layya shi ya tafi a wannan hidimar.

Zuwan farko rana kawai aka ba mu, sati biyu gaba. Aka haɗo shi da maganin wanke ciki, aka ce ranar jajibiri kada ya ci komai sai ruwa-ruwa. Wannan wankin cikin ya fi gwajin kansa wahalar da shi. Ya wuni tsakanin ɗaki da bayi, da yamma ko tsayuwar sallah sai da ya dafa bango.

Ranar gwajin mu huɗu muka tafi, har da Yaya Asabe da ta kwana a gidanmu. Muka zauna a benci tun sassafe. Wajen azahar aka fito da shi yana layi da maganin barci. Likitan da ya yi gwajin ya leƙo ya ce ya sami tsiro uku a cikin hanjin, su a bakinsu folif suke cewa, kuma ya cire su duka. Biyu ƙanana ne kamar wake, babban ya kai ɗan kanya, sai da ya gutsuttsura shi kafin ya fito. Muka yi ta hamdala. Sai wata ma'aikaciya ta miƙo wa Saratu 'yar kwalbar roba mai murfi, da wasu 'yan tsokoki suna yawo a cikin ruwa, ta haɗa da takarda ta ce, “A kai Sakkwato a auna. In sakamako ya fito ku dawo.” Tana faɗa tana kiran mai bi mana.

A nan nake da ƙorafi, kuma zan faɗe shi a hankali, don mutanen nan sun yi mana aiki. Na san layi ya yi musu yawa. Amma da an tsaya ko na ɗan lokacin shan ruwa an gaya mana dalilin kai kwalbar, da ba a yi abin da aka yi ba. Mu a ganinmu an cire cuta, an ba mu ita mu gani da idonmu.

Da muka dawo gida jinin ya tsaya cak. Kwana uku ya fara neman ƙarin tuwo. Kwalbar na kan tagar ɗakina, jikoki sai leƙe suke yi suna tsoratar da juna da ita. Yaya Asabe ta gan ta, ta kira ni da sunan da take kira na da shi tun ranar da aka kawo ni gidan.

“Amarya, wanga abu har yanzu yana nan? Naman mutum na fa, naman Musulmi. Ko farce munka yanke muna binnewa, balle tsoka.”

Na ce, “Yaya, sun ce a kai Sakkwato.”

“Su kullum sai sun ce. A ɗauki naman yaro a yi ta yawo da shi cikin mota, a kai ma waɗanda ba mu sani ba su yayyanka? An fidda cuta, Allah ya ba shi lafiya. Mi ya rage?”

Ɗan Maradun na zaune a bakin ƙofa. Ya ce abin da Gwaggo ta ce shi za a yi, dama ga ciyawa ta ci gona, ba shi da ranar zuwa Sakkwato.

Ba na ɗora wa Yaya Asabe laifi. Abin da ta faɗa shi muka tashi muka tarar, kuma ni ma zuciyata ta karɓa. Mabiyiyar duk ƙannensa a bayan ɗakin nan aka binne ta, an wanke an naɗe. Ganin wani yanki na jikin ɗana a kan taga kamar kwalbar man shafawa yana damuna tun ranar da muka dawo.

Bayan la'asar na samo farin ƙyalle, na ɗauki ƙaramar fartanya na zaga baya, gindin zogale. Niyyata in zubar da ruwan, in naɗe naman a ƙyallen. Ina buɗe murfin wani yaji ya doki idona da hancina, hawaye suka zubo, na yi ta tari. Na yi maza na mayar da murfin na murɗa shi iya ƙarfina. Na ce a raina, tunda haka ne ya tafi da gidansa. Na sa kwalbar a leda na ƙulle, na naɗe da ƙyallen, na haƙa rami har gwiwar hannu, na yi bisimilla na rufe. Ban gaya wa kowa ban zubar da ruwan ba, kunya ta hana ni, kada a ce ko wannan ban iya ba. Takardar kuwa na saka ta cikin littafina na makaranta, don tun da na koyi karatu ba na iya jefar da abin da ke da rubutu.

Sati shida muka yi cikin kwanciyar hankali. Gero ya fidda kai, ya koma gona sosai, har kumatunsa sun fara dawowa. Sai wata safiya Saratu ta sake shigowa ɗakina. Wannan karon ba ta nemi rariya ba. Ta ce kaɗan ne, amma ya dawo.

Muka koma Gusau mu uku. Da layi ya zo kanmu likitan ya buɗe fayil ya miƙo hannu ya ce ina sakamakon Sakkwato. Saratu ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa. Na ga in ban yi magana ba babu mai yi. Na ce, “Likita, ba a kai ba. Ni na binne shi.”

Na zaci zai yi faɗa. Ya cire tabarau ya murza idonsa, ya ce da ya zauna da mu ranar nan da ba haka ba. Sai ya juyo da kujerarsa wajena, ya yi mini bayanin da har yau ina iya maimaita shi.

Ya ce tsiron hanji iri-iri ne. Wani zai yi shekaru bai yi komai ba, wani kuma a hankali yake juyawa har ya zama ciwon daji, kuma ido ba ya raba su. Sai an yanka naman ya fi bawon albasa siranta, an sa a madubin ƙara girma, an dubi yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Sannan ya ce akwai wasu 'yan ma'aikata da Allah ya zuba a bangon hanji, sunansu enzayim, daga cikinsu akwai masu wanke dafin da ke shigowa tare da abinci. In tsiro ya fara juyawa, sau da yawa wasu daga cikin masu wankin nan kan yi yawa a wurin, kuma akwai rinin da wasu masu gwaji ke zubawa ya nuna su.

Ya ce, “Mama, in kin bi ta wani gida kin ga mata sun cika tsakar gida da wanke-wanke, me za ki ce?”

Na ce, “Akwai sha'ani a gidan.”

“To haka ne. Ba ki san ko suna ne ko rasuwa ba, sai kin shiga kin tambaya. Rinin alama ce, jerin ƙwayoyin ke yanke hukunci. Amma duka biyun a jikin naman nan suke.”

Ya ce ko ta yaya zai sake shiga da kyamara. Abin da ke damunsa shi ne bai san da me yake faɗa ba. In babban tsiron bai riga ya zama daji ba, cire ragowarsa ya wadatar. In ya zama, sai an buɗe ciki an yanke wani yanki na hanjin. Ba tare da naman ba, ko dai a yanka mutumin da bai kamata a yanka ba, ko a bar abin da bai kamata a bari ba. Na tuna Malam.

Har mun miƙe sai ya ce, “Mama, da kika binne, kin zubar da ruwan?” Na ce a'a, na ba shi labarin yajin da ya shiga idona. Ya tambaya ko murfin a rufe yake, na ce na murɗa shi da kyau, har da leda. Sai na ga ya gyara zama. Ya ce wannan ruwan aikinsa hana nama lalacewa, in bai tsiyaye ba akwai fata. Rinin wataƙila ba zai kama sosai ba saboda daɗewa, amma jerin ƙwayoyin zai karantu. Ya ce in je in tono.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Ban taɓa jin an tone abin da aka binne da bisimilla ba. Na je wurin limamin unguwarmu, na tsaya daga zaure matarsa ta isar da tambayata. Ya ce binnewar da na yi girmamawa ce kuma Allah ya ba da lada, amma wurin ba kabari ba ne, kuma ran mai rai shi ke gaba. Hankalina ya kwanta ta nan. Saura Yaya Asabe. Zan iya tonowa ba ta sani ba, amma in ta ji daga baya, zumuncin shekara talatin da biyar zai sami tabo.

Na shiga mota na tafi Maradun. Muka gaisa, ta tambayi gida, da yara, da ruwa, da gajiyar hanya, ta kawo fura. Na sha na ajiye ludayi. Ban taɓa buɗe baki a gabanta kan maganar yaron nan ba, sai ranar nan.

Na ce, “Yaya, roƙo na zo yi. Jinin ɗanki ya dawo. Likita ya ce amsar na cikin kwalbar da na binne. Mun binne Malam ba mu san sunan abin da ya kashe shi ba. Ba na so mu sake.”

Malam ƙaninta ne, ita ta goya shi. Can ta ce, “Ashe kina da baki a kan yaron nan, Amarya.” Na ce ta yafe mini. Ta ce babu abin yafewa. Ta miƙe tana neman takalminta, ta ce ita ta sa aka binne, a gabanta za a tone.

Da yamma muka zaga bayan ɗaki mu biyu. Ruwan damina ya danne ƙasar, 'yan saiwoyin zogale sun fara kama ƙyallen, ya koma ruwan ƙasa. Na ajiye fartanya na ƙarasa da hannu don kada in fasa. Na kwance ledar. Ruwan na nan bai ragu ba, 'yan tsokokin na yawo a ciki, rubutun jikin kwalbar ma yana karantuwa. Yaya Asabe ta karɓa ta ɗaga ta wajen haske ta ce, “Ke, ashe ba ki zubar ba? Shiru-shirun nan naki, ashe da wayonki.” Na ce ba wayo ba ne, yaji ne ya kore ni. Muka yi dariya, ita tana share ido da gefen zane.

Da safe na kama hanyar Sakkwato, Hadiza ta tare ni a mararrabar Bakura. Kwalbar na cikin jakata tare da littafina, ban yarda an sa ta a bayan mota ba. A ɗakin gwajin wani dattijo ne ke karɓar kaya ta taga. Ya dubi kwanan watan da ke takardar ya ce ina kwalbar nan ta tsaya har sati bakwai. Na gaya masa gaskiya. Bai yi dariya ba, ya ce ba ni ce ta farko ba, sai dai yawanci ba a dawo musu da komai.

Sannan ya ce in faɗi sunan mai kayan, ya tabbatar ya yi daidai da na kwalbar. Na juya in sa Hadiza ta faɗa, ashe ta tafi layin biya. Mutane na jira a bayana. Shekara talatin da huɗu sunan nan bai fita bakina ba. Na faɗa, a hankali, har sai da ya ce in maimaita. Na maimaita. Bakina ya yi mini wani iri har muka fito titi.

Aka ce sati uku. Ya zama huɗu da 'yan kwanaki, sau biyu Hadiza na bugawa ana cewa bai fito ba. Wannan jiran shi ne jinyar gaske. Yana shan ƙwayar ƙarin jini, ina yi masa kwaɗon zogale, ranar Talata Saratu ta sayo hanta. Ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa. Ramin kuwa ban rufe shi ba. Na kifa masa tsohon kwano saboda kaji. Kullum in na zaga sai in ce gobe zan cike shi, in gobe ta yi sai hannuna ya ƙi.

Wata rana bayan la'asar ina tsince shinkafa, ya zo ya zauna a bakin ƙofata, abin da bai saba ba. Ya ce, “Inna, in irin na Baba ne, kada a ɓoye mini. Ina da abin da zan shirya wa yaran nan.” Na ce ba za a ɓoye masa ba. Na ce Babansa ba a taɓa duba nasa ba, shi kuwa ana dubawa, wannan kaɗai ma bambanci ne. Ya ɗebi shinkafar yana taya ni tsinta har aka kira magariba.

Da sakamakon ya fito muka kai Gusau a rufe, don da Turanci yake. Likitan ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya ce ƙananan biyu ba su da matsala. Babban ya fara juyawa, ya kama hanya amma bai isa ba, bai huda bangon hanjin ba. Rinin ma ya kama, dishi-dishi saboda daɗewa, kuma a daidai wurin da ƙwayoyin suka rikice masu wankin suka taru. Ya dube ni ya ce, “Akwai sha'ani a gidan, Mama, amma mun zo kafin a ɗora tukunya.” Ba za a buɗe ciki ba.

Aka sake wankin ciki, aka sake kyamara. Ya sami ragowar gindin babban tsiron, shi ke zubar da jinin, ya cire shi tas. Aka sake miƙo kwalba. Wannan karon Yaya Asabe ce ta riga kowa karɓa, ta ƙulle ta a bakin zanenta, washegari ita da Hadiza suka kai. Ta dawo tana ba mu labarin ta tsare dattijon nan da tambayar abin da suke yi da naman mutane in sun gama. Ya nuna mata, ashe cikin wani abu kamar kakin kyandir suke daskarar da shi, a sa lamba a jera a ajiye, ko bayan shekaru aka nema yana nan. Ta ce to, ba laifi, an dai suturta shi.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In an ga jini a bayan gida kada a zauna kan cewa basir ne, musamman in an taɓa yin irinsa a gidan. In an cire wani abu daga jikin naku aka ba ku a kwalba, aikin bai ƙare ba, rabinsa na cikin kwalbar. Kada a buɗe, kada a zubar da ruwan, a kai inda aka ce da wuri. In ba a gane dalili ba a tsaya a tambaya, ko ana kiran mai bi. Su kuma ma'aikata, Allah ya saka musu, su riƙa tunawa mu mutane ne masu binne abin da ya fita jikin ɗan Adam, in ba a gaya mana ba abin da muka sani za mu yi.

An fara yankan gero sakamako na biyu ya fito. Ɗan Maradun ya je da kansa, ya dawo da yamma ya tsaya a tsakar gida ya ce likita ya ce an cire duka, babu saura. Zai koma a sake dubawa baɗi. Kuma likita ya ce tunda ga na mahaifinsu ga nasa, duk ƙannensa sai an duba su ɗaya bayan ɗaya, ko ba su ga jini ba. Saratu ta shiga ɗaki, na ji tana kuka a hankali. Ni na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da tuƙa tuwona, don idon yara na kaina.

Washegari da gari ya yi haske na ɗauki fartanya na zaga baya. Na ɗage kwanon, na mayar da ƙasa cikin ramin, na daddanna da ƙafa har ya yi daidai da sauran wurin. Na wanke hannuna, na yafa mayafi, na sa littafina a jaka na nufi tashar Bakura. Hadiza ce ke biye masa a haihuwa, ita za a fara dubawa, kuma duk bakin nan nata, ta fi yayanta tsoron allura.